Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Na'urar Busar da Tufafi Mai Aiki da Gas

A gari irin Bauchi, inda rana ke busar da zanin gado tun kafin azahar, ba kowa ne zai ga amfanin na'urar busar da kaya ba. Amma ka tambayi mai shagon wanki da guga a Yelwa ko Fadaman Mada yadda yake ƙarewa a watan Agusta, lokacin da hadari ke wuni a sama, tawul ɗin otal ya kwana biyu a igiya yana warin danshi, mai kaya kuma yana ta bugo waya. Ko ka tambaye shi a tsakiyar hunturu, sa'ad da farin zani ke bushewa da wuri amma ya sauko daga igiya da launin ƙasa. Irin waɗannan mutane, da masu ƙananan otal da asibitocin kuɗi, su ne ke sayen tsofaffin na'urori 'yan tokumbo da ake shigowa da su daga Amurka ta Legas.

Suna da hujja kuwa. Na'urar da ke ɗumama iska da lantarki tana jan wajen wat 5,000, ƙaramin janareto ba zai ɗauke ta ba. Mai gas kuwa lantarkin da take buƙata na juya ganga da fanka ne da kunna wuta kawai, zafin daga tukunyar gas yake fitowa. Ga shi an yi su da ƙarfe mai kauri, ba kwamfuta a ciki, duk abin da ya lalace kana iya ganinsa da ido ko ka gwada shi da mita. Tun 1938 kamfanin Hamilton na jihar Wiskonsin ya fara sayar da irin wannan na'ura, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba: ganga mai juyawa, fanka mai jan iska, murhu mai ɗumama ta.

Tsufa ba shi ke kashe waɗannan na'urori a wurinmu ba. Abin da ke kashe su, wani lokaci har ya jawo gobara, shi ne a sauke su daga mota a jona su yadda suka zo. An ƙera su don wata irin wuta da wani irin gas da ba namu ba. Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin aikin.

Kafin ka biya kuɗi

Buɗe ƙofar ka duba gefenta, ko bayan na'urar, za ka ga ɗan farantin bayani. Ɗauki hotonsa da waya. Abu uku kake nema: lambar samfuri, irin wutar da take ci, da irin gas ɗin da aka saita ta a kai. 'Yan Amurka za ka ga an rubuta 120V 60Hz. Wajen gas kuma ko dai NAT, wato gas ɗin bututu da ake ja wa gidaje a can, ko LP, wato irin namu na silinda. Mafi yawansu NAT ne. Idan an taɓa sauya ta zuwa LP, galibi akwai wata takardar manne da ke faɗin haka kusa da farantin ko a jikin bawul, wato abin da ke buɗe gas ya rufe shi.

Lambar samfuri ita ce za ta nemo maka kayan gyara, ko a Alaba, ko a Sabon Garin Kano, ko ta intanet. Sunayen da aka fi gani su ne Whirlpool da Kenmore da Maytag da GE da Speed Queen. Kenmore ba masana'anta ba ce, sunan kayan kantin Sears ne. Idan lambarta ta fara da 110, Whirlpool ne ya ƙera ta, kayansu ɗaya. Ni wannan dangin nake ba mutum shawarar saye, saboda bel ɗinsu da tayoyinsu da koyil ɗinsu, wato naɗin wayar da ke buɗe bawul ɗin gas, sun fi sauƙin samu.

Sa hannu ka juya gangar. Ya kamata ta juya da ɗan nauyi, ba tare da ƙarar gogar ƙarfe ba. Leƙa ƙasa da tocila. Tsatsa a jikin bango ba komai ba ce, amma idan gindin ya ruɓe har yatsa na shiga, ko gangar ta tsage, bar musu kayansu. Haka nan idan ka ga ta tsufa ƙwarai har murhunta irin mai 'yar ƙaramar wuta ne da ke ci dare da rana. Irin waɗannan, kafin su ci gas ɗinmu, sai an canza nozul biyu, wato 'yan bakunan da gas ke fesowa ta cikinsu, kayansu sun yi wuya, kuma idan abin da ke datse gas lokacin da 'yar wutar ta mutu ya daina aiki, gas zai yi ta zuba ba wanda ya sani. Ba na son ganin irinta a shagon da yara masu koyon guga ke kwana.

Buɗewa da shara

Kada ka jona komai tukuna, ba wuta ba gas. Fitar da ita fili ko inda iska ke ratsawa. Notocinta na inci ne: sifana mai lamba 8 tana kama masu 5/16, amma ƙananan masu 1/4 sai ka nemi soket ɗinsu na asali, in ba haka ba za ka cinye kawunansu. Tanadi sukundireba, filaya, buroshin fenti, mita, gwangwanaye na zuba sukurori, da takunkumin rufe hanci.

A irin Whirlpool mai ragar tace zare a sama, za ka zare ragar, ka kwance sukurori biyu da ke bakin ramin, sannan ka zura siririn ƙarfe mai faɗi ta ƙarƙashin murfin sama kusa da kusurwoyin gaba ka danna maƙalan, murfin ya ɗago. Daga nan ka cire wayoyin makunnin ƙofa, ka kwance bangon gaba. Kowace waya kafin ka zare ta, ɗauki hoto. Bel ma haka, tun yana wurinsa ka kwanta ka ɗauki hoton yadda ya zagaya fulin moto da ɗan fulin da ke ɗaure shi, domin wannan zagayen shi ke ba mutane wahala wajen mayarwa. Ka leƙa cikin akwatin maɓallan sama. Sau da yawa akwai takardar zanen wayoyi a naɗe a ciki. Idan ka same ta, adana ta a leda.

Da ka sauke gangar za ka ga abin da shekaru suka tara: burbushin zare ya yi kauri a ƙasa, a kan moto, a cikin hanyar iska, ya gauraye da ƙura da kashin ɓera. Wannan burbushin yana kama wuta nan take, shi ya sa sharar nan ba kwalliya ba ce, ita ce gyara na farko. Kwashe da hannu da buroshi, ka bi da injin zuƙar ƙura in akwai. Kada ka hura da injin iska na masu faci idan na'urar ta girmi shekarun 1980, domin wasu tsofaffin an yi musu rufin zafi da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Idan ka ga wani farin abu mai kama da kwali ko igiya yana marmashewa kusa da murhu, yayyafa masa ruwa, kada ka goge shi da sanfefa, kada ka karya shi.

Buɗe gidan fanka ta baya. Nan ake samun tsabar kuɗi, maɓallan riga, ƙusa, har safa. Duba ko fukafukan sun karye, ka kuma riƙe sandar moto ka girgiza fankar. Idan tana wasa a kan sandar, ta cinye, sai sabuwa. Wasu fankokin zarensu na hagu ne, don haka idan ta ƙi kwancewa kada ka sa ƙarfi, gwada ɗaya ɓangaren.

Sai bututun murhu. Na'urar da ta daɗe a ajiye a sito ko a bayan shago a nan, da wuya ka rasa gidan zanzaro a cikinta. Laka ce busasshiya, wani lokaci girman ɗan yatsa, manne a daidai inda gas ke haɗuwa da iska, ga yanar gizo-gizo a bakin nozul. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da harshen wuta ya koma baya. Ciro bututun, ka kankare, ka wanke, ka bar shi ya bushe sarai.

Ganga da abin da ke juya ta

Wannan sashen ba shi da wuya. Bel ɗin da ya tsattsage ko ya yi sheƙi, canza shi, kuma ka sayi na lambarta, ba na mota ko na injin niƙa ba. Tayoyin da gangar ke hawa a kai, idan sun yi gefe guda ko suna girgiɗi, su ne ke sa wannan ƙarar dum-dum. A canza su tare, ba ɗaya ba. Goge sandunansu, ka ɗiga ɗan mai kaɗan. Kada ka cika giris, domin zare yana mannewa a kai ya daskare ya riƙe tayar. Ɗan fulin da ke ɗaure bel ya juya sumul ba ƙugi.

Abin da aka fi mantawa shi ne zoben ulu da ke bakin gangar gaba da baya. Idan ya cinye, fanka za ta riƙa jan iska mai sanyi ta gefe maimakon ta ja ta cikin murhu, kaya su ƙi bushewa, wani lokaci ma bakin gangar ya cije riga ya bar mata baƙin layi. Sabon zobe da gam mai jure zafi ake manna shi, a bar shi ya kwana.

Tsatsar jiki kuwa, sanfefa da jan fenti na ƙasa da fentin feshi sun wadatar, kowane mai fentin mota zai yi maka. Cikin gangar ne kawai ba a shafa wa fentin gida, zafi zai narkar da shi a kan kayan mutane. Goge tsatsar ta yi santsi, idan za ka rufe ta ka nemi fenti mai jure zafi.

Lantarki

Wutarmu volt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Tasu 120 ce, sau 60. Wanda ya soka filoginta kai tsaye a bango ya ƙona moto da taima da koyil a lokaci guda. Dole sai da taransifoma mai sauke wuta zuwa 110. Faranti yakan nuna wajen amfiya 6, amma moto yana jan ninkin haka lokacin tashi, don haka kada ka sayi ƙarami. Nemi mai wat 1,500 zuwa 2,000, mai nauyi a hannu, na naɗin waya na gaske. Ƙananan nan marasa nauyi da matafiya ke sawa a jaka ba na moto ba ne.

Taransifoma yana gyara ƙarfin wuta ne kawai, ba ya taɓa bambancin 50 da 60. Sakamakon haka moto zai yi gudu kashi biyar cikin shida na yadda aka tsara shi. Fanka za ta rage jan iska gwargwadon haka, moto zai ɗan fi zafi, taima kuma za ta yi jinkiri: abin da aka rubuta minti 60 zai ɗauki 72. Na'urar za ta yi aiki, da yawa suna yi shekara da shekaru, amma ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne dalilin da ya sa zan matsa maka a kan hanyar iska nan gaba. Na'urar da dama iskarta ta ragu ba ta da rarar da za ta jure toshewa.

Wayar ƙasa wajibi ce. Jikin ƙarfe ne, ƙasan shagon wanki jiƙe yake, yaron da ke loda kaya sau da yawa ba takalmi. Yawancin taransifomomin kasuwa ba sa raba wutar shiga da ta fita, wasu ma ramin wayar ƙasan nasu ado ne kawai. Sa mai gyaran wuta ya ja koriyar waya daga jikin na'urar zuwa sandar ƙasa ta gaske, ya gwada da mita a gabanka. Idan unguwarku wuta na yawan zuwa ba ƙarfi, haɗa da sitabilaiza, domin da raunanniyar wuta moto zai yi ta gurnani bai tashi ba, ɗan sandan da ke kunna murhu kuma ba zai yi jan da zai kunna gas ba.

Bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ɓera ya ci, ko robarta ta bushe tana karyewa, canza ta da mai jure zafi. Kan waya da ya yi baƙi alama ce ta sako-sako, yanke shi ka matse sabo.

Yadda murhun ke kunna kansa

Idan ka san jerin abin da ke faruwa, na'urar da kanta za ta gaya maka ciwonta. Moto ya tashi, wani makunni a cikinsa ya ba sashen zafi wuta. Wani ɗan sanda mai kama da gawayi ya fara ja har ya yi fari-fari. A gefen bututun akwai ɗan akwati mai taga da ke jin wannan zafin. Da ya ji ya isa sai ya yi ƙas, wutar sandan ta ɗauke, koyil ɗin da ke kan bawul su buɗe gas, gas ya taɓa sandan mai zafi ya kama. Idan iskar ta kai zafin da ake so, tamostat ya kashe murhu, ta huce, a sake daga farko.

To, idan sandan bai yi ja ba sam, duba fis ɗin zafi da ke jikin gidan fanka, da tamostat, da sandan kansa. Duk da mita ake gwada su, bayan an zare filogi. Fis da tamostat su nuna wuta na wucewa ta cikinsu; sandan yakan nuna tsakanin om 50 da 400, idan bai nuna komai ba ya tsage. Riƙe shi ta farin gindinsa, yana da saurin karyewa. Idan ya yi ja ya ƙi mutuwa kuma gas bai zo ba, ɗan akwatin mai taga ne. Goge baƙin da ke tagar tukuna kafin ka yanke masa hukunci. Idan ya yi ja, ka ji ƙas, ya mutu, wuta ba ta kama ba, to ko gas bai iso ba ko koyil ne.

Koyil suna da wata ɗabi'a da ke ruɗa masu gyara. Da sanyi suna aiki lafiya, wuta ta kama sau ɗaya ko biyu, da sun ɗumama sai su kasa ɗaga bawul. Mai shago ya ce tana fara zafi sannan ta daina. A irin na Whirlpool, mai ƙafa biyu yakan nuna om 1,000 zuwa 1,300, mai ƙafa uku kuma wajen 1,300 zuwa 1,400 a gefe ɗaya da 500 zuwa 600 a ɗayan, amma mita na iya nuna daidai alhali suna gazawa da zafi. Ba su da tsada. A tsohuwar na'ura ni canza su nake cewa a yi tun farko.

Akwai maganar da za ka ji daga bakin wasu masu gyara idan fis ɗin zafi ya ƙone: "Alhaji, ai ba sai an sayo ba, bari in haɗe wayoyin kawai, za ta yi aiki." Ka ce masa, "A'a Malam, bar shi, na gode." Fis ɗin nan bai ƙone don ya gaji ba, ya ƙone ne domin zafi ya wuce kima, kusan kullum saboda iska ta toshe. Haɗe wayoyin bai cire toshewar ba, ya cire abin da zai kashe murhu ne ranar da zare ya fara hayaƙi. A nemo dalili, a gyara, a sa sabon fis mai lamba ɗaya da tsohon.

Gas

Nan ne ba na son kowa ya yi gaggawa. Gas ɗin bututu na Amurka da namu na silinda, wanda cakuɗen butan da furofen ne, ba abu ɗaya ba ne. Namu yana ɗauke da zafi ninki biyu da rabi zuwa uku a ma'auni guda, kuma ana tura shi da matsi kusan ninki uku. Idan aka auna da tsayin ruwa a tiyo, na bututu yana aiki a wajen santimita 9, namu a 25 zuwa 28. Saboda haka ramin nozul ɗin namu ya fi ƙanƙanta sosai.

Sauyawar abu biyu ce, kuma tare ake yin su. Ana cire nozul ɗin tagulla da ke bakin bawul a sa na LP. Sannan a jikin bawul akwai ƙaramar regileta da aka saita don gas ɗin bututu. Ana cire murfinta a sa wani ɗan toshi da ke zuwa cikin kayan sauyawa, wanda ke hana ta rage matsin. Wanda ya bar tsohon nozul zai ga wuta ja mai tsawo tana lasar bayan ganga, tana baƙanta fararen kaya, tana fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Wanda ya canza nozul ya manta regileta zai ga 'yar wuta mara ƙarfi, kaya su yi awa biyu ba su bushe ba. Kayan sauyawar ana sayar da su ne da lambar samfuri, wasu ma suna zuwa da nozul biyu, na furofen da na butan; karanta takardar da ke ciki ka bi ta.

Na san abin da ake yi idan ba a samu nozul ba: a toshe ramin da dalma a sake huda shi da allura, ko a bubbuge bakin da guduma. Kada ka yarda. Bambancin ramin da ya dace da wanda bai dace ba bai kai kaurin gashi biyu ba, ido ba ya auna shi, dalma kuma tana iya saki da zafi ramin ya koma babba ana tsakiyar aiki. Gara na'urar ta zauna wata guda tana jiran kaya daga Legas.

A kan silinda, sa regileta mai ƙaramin matsi wadda aka rubuta 28 zuwa 30 mbar, wato ma'aunin matsin gas. Irin mai jan maɓallin murɗawa da masu tuyar ƙosai da masu abincin biki ke sa wa manyan murhu ba ta wannan aikin ba ce, matsinta zai fasa cikin bawul. Bawul ɗin waɗannan na'urori bai kamata ya ga fiye da wajen 35 mbar ba.

Ga wani ƙaramin abu da ke jawo yoyo. Bututun gas da ke bayan na'urar inci 3/8 ne mai zaren Amurka, kayan famfo na kasuwanninmu kuwa yawanci zaren Ingila ne. A wannan girman, ɗaya zare 18 ne a inci, ɗayan 19. Zai shiga zagaye biyu ko uku kamar ya dace, sannan ya cije, mutum ya ƙara ƙarfi ya ɗauka ya ɗaure. Nemi mahaɗin da ya dace da zaren, ka sa tef ko man ɗauri da aka yi don gas. Sa famfon datsewa inda hannu ke kaiwa ba sai an ja na'urar ba. Idan da hali a ja bututun tagulla. Idan tiyo ne, ya zama na gas, gajere, da maɗauri a kowane baki, kuma kada ya taɓa bututun iska mai zafi.

Silinda a waje take zama, a tsaye, a inuwa, nesa da inda iskar na'urar ke fita. Gas ɗinmu ya fi iska nauyi, idan ya zuba ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya taru a lungu da kwata da ƙarƙashin na'ura, daidai inda sandan kunnawa yake. Murhun yana cin wajen rabin kilo a awa idan yana ci ba tsayawa, amma da yake yana kashe kansa yana kunnawa, abin da za ka kashe bai kai haka ba. Ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6 ba ta dace ba. Da sanyin safiyar hunturu za ka ga ta yi gumi wuta ta raunana. Sa mai 12.5 ko fiye, kuma kada a kwantar da ita ko a tsoma ta a ruwan zafi don ta ƙara ƙarfi.

Wannan sashe duka, idan ba sana'arka ba ce, kira wanda ya san aikin gas, ka tsaya a kansa da wannan bayanin.

Hanyar fitar iska

Iskar da ke fita tana ɗauke da danshi da zare da hayaƙin murhu, don haka waje za ta, ba cikin shago ba, ba cikin silin ba. Bututun ƙarfe mai faɗin inci 4, wato santimita 10, mai santsin ciki. Masu aikin kwano za su naɗa maka. Kada ka sa na roba ko fayif ɗin ruwa. Ya zama gajere iyakar iyawa, kwana ɗaya ko biyu, domin kowace kwana tana rage ƙarfin iska. A haɗa gaɓoɓin da tef na alminiyom, ba da sukurori ba, saboda tsinin sukuru a ciki yana kama zare har ya toshe hanya. A bakin waje sa murfi mai faifan da iska ke ɗagawa, ya ɗaga daga ƙasa kamar santimita 30. Mutane kan sa ragar sauro don ƙadangare da ɓera. Cikin mako guda zare zai like ta. Ɗakin kansa ya samu taga ko ƙofa a buɗe, domin iskar da na'urar ke fitarwa dole wata ta shigo ta maye gurbinta.

Gwajin farko

Fara da lantarki kaɗai, gas a rufe. Gangar ta juya ba ƙara, buɗe ƙofa ya tsayar da ita nan take, iska ta fito da ƙarfi a waje, sandan ya yi ja ya mutu. Kashe, ka zare filogi.

Yanzu buɗe gas, ka kaɗa ruwan sabulu mai kumfa ka shafa a kowace gaɓa, daga kan silinda har bawul. Tsaya ka zuba ido minti biyu ko uku, domin ƙaramin yoyo a hankali yake hura ƙwai. Ba a gwada yoyo da ashana. Idan ka ga kumfa na tashi ko ka ji wari, rufe silinda, buɗe ƙofofi, kada ka taɓa makunnin fitila.

Matsi kuma ana iya auna shi da abin da ke kowace kasuwar kayan gini: farin tiyon da magina ke ɗaukar lebur da shi. A lanƙwasa shi ya yi kamar harafin U a kan katako, a zuba ruwa rabi, a jona baki ɗaya a ramin gwaji da ke jikin bawul. Lokacin da murhu ke ci, tazarar ruwan ɓangarorin biyu ta kasance tsakanin santimita 25 da 28. Bayan an gama a mayar da toshin ramin, a sake shafa masa sabulu.

Tabbatar ganga da bangon gaba suna wurinsu kafin ka duba wuta, ka leƙa ta ƙaramar ƙofar ƙasa, domin ba tare da jan fanka ba harshen ba zai nuna gaskiyarsa ba. Wuta mai kyau shuɗiya ce, a tsaye, tana miƙewa cikin bututu, da ɗan rawaya kaɗan a tsini. Idan rawaya ta yi yawa tana lilo, iska ta yi mata kaɗan: sassauta sukurun ɗan faifan da ke bakin bututun murhu ka ƙara buɗe shi. Idan tana huci tana tsalle daga bakin murhu, iska ta yi yawa, rage. Bar ta ta kashe kanta ta sake kamawa sau huɗu ko biyar a gabanka. Sannan ka zuba tsofaffin tawul masu danshi, kada ka fara da kayan mutane; idan sun fito da baƙi ko warin hayaƙi, koma kan nozul da iska.

Idan ta fara aiki, ragar tace zare a share ta bayan kowane lodi, ka sa wannan ya zama dokar shago. Bututun waje a zare shi a kakkaɓe duk wata biyu ko uku, da hunturu ma fiye, cikin na'urar kuma a buɗe a share sau ɗaya a shekara, kafin damina ta kankama. Kayan da aka cire wa tabo da fetur ko kananzir, da tsumman da ya sha man gyaɗa ko manja, ba sa shiga ciki ko an wanke su, domin ragowar man na iya kamawa da zafi. Igiya za su. Katifar soso da duk abin da ke da roba ma haka. Shadda mai aiki da hular zanna kuma a bar su a inuwa yadda aka saba, zafi da juyi suna kashe musu sheƙi su tattare zaren aikin. Kada a cika gangar fiye da rabi zuwa kashi biyu cikin uku, kada a bar ta tana aiki a kulle shago a tafi masallaci, kuma idan an tashi da yamma a rufe gas daga kan silinda.